Sayen rediyon aikawa da karɓa daga waje ta intanet: me zan duba kafin in tura kuɗi?

Sabon_Shiga:

Assalamu alaikum, manyanmu a wannan harka. Shawara nake nema kafin in taɓa kuɗi. Kaya uku ne a gabana: Icom IC-7300 na hannu a wani shafin gwanjo na Japan, wanda farashinsa ya yi ƙasa sosai da na Turai, Xiegu G90 sabo a AliExpress, sai oba-oba Baofeng UV-5R guda biyu da aka rubuta musu wat 18. Kano za a kawo kayan. A ina haɗarin ya fi yawa: wajen biya, a hanya, wajen kwastam, ko a cikin akwatin kansa? Kuma idan kaya ya iso, ta yaya mutum zai gane lafiyarsa kafin lokacin ƙorafi ya wuce? Allah ya saka da alheri.

Mai_Eriya:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka fara da takarda, don ita ce ke iya cinye kuɗin gaba ɗaya alhali rediyon lafiyarsa ƙalau.

A Najeriya dokar Wireless Telegraphy ta hana amfani da na'urar aika sigina ba tare da lasisi ba, kuma lasisin masu sha'awar rediyo yana hannun sashen kula da mitoci na ma'aikatar sadarwa ta tarayya. Shi ke ba ka lambar kira mai farawa da 5N. Hukumar NCC kuma, bisa dokar sadarwa ta 2003, ita ke tantance samfurin kayan sadarwa da ake shigowa da su. Na uku, wanda mutane suka fi mantawa, takardar EUC ce, wato shaidar wanda zai yi amfani da kayan a ƙarshe, daga ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Kwastam sun sha kama oba-oba saboda rashinta, kuma kafin a ɗora kaya ake nemanta, ba bayan sun sauka Legas ba. Ƙungiyar masu sha'awar rediyo ta Najeriya, NARS, ita ce ƙofar da ta fi sauƙin ƙwanƙwasawa don a nuna maka tsarin. Sannan ka san halin da Arewa ke ciki: oba-oba a cikin mota babu takarda, a shingen bincike, bayaninta yana da tsawo.

Yanzu IC-7300 ɗin Japan. Arahar nan tana da dalili. Icom na yin wannan rediyo kala uku don kasuwar cikin gida, saboda matakan lasisin Japan: IC-7300 mai wat 100, IC-7300M mai wat 50, da IC-7300S mai wat 10 a gajeren zango. Fuskarsu iri ɗaya ce sak, harafin yana kan takardar da ke manne a bayan akwatin, kusa da lambar siriyal. Haka Yaesu ke yi da FT-991A, FT-991AM da FT-991AS. Idan mai sayarwa bai sa hoton bayan rediyon ba, ka nema. In ya yi ta kwana-kwana, ka wuce. Tsakanin wat 100 da wat 10 akwai desibel 10 (desibel ma'aunin bambancin ƙarfin sigina ne), kusan mataki biyu a ma'aunin S, wanda ke nuna ƙarfin sigina a rediyon wanda ke sauraronka, kuma ba a cikin menu ake ɗaga ƙarfin ba.

Ko mai wat 100 ɗin ka samu, an kulle shi a kan mitocin da Japan ta yarda da su. Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta raba duniya shiyya uku: Afirka, Turai da Gabas ta Tsakiya shiyya ta ɗaya, nahiyar Amurka ta biyu, Japan tana ta uku. A shiyyarmu zangon da ake kira mita 80 (sunan daga tsawon igiyar siginarsa ne) ya tashi daga 3.500 zuwa 3.800 megahaz a jere, amma a Japan an yanka shi gunduwa-gunduwa, don haka za ka ji ana hira a wani wuri, ka danna makirfo, rediyon ya ƙi aikawa. Na Amurka kuwa matsalarsa akasin haka ce: yana aikawa har 7.300 a mita 40 alhali iyakarmu 7.200, kuma a mita 2 yana kaiwa 148 alhali namu 144 zuwa 146 ne. Wannan ba ya hana aiki, kai ne dai za ka tsare kanka. Samfurin Turai shi ne ya dace da mu ba sai an taɓa komai ba.

Za a ce maka ai cire diyod ɗaya ko biyu ne a fanel, sai ya buɗe. Diyod ɗin nan sun fi ƙwayar shinkafa ƙanƙanta, jerinsu ya bambanta daga samfuri zuwa samfuri, kuma hoton da ke yawo a intanet yawanci na samfurin Amurka ne ko na Turai. Mai gyaran waya na iya cirewa, amma ba shi da hanyar gane ko ya cire wanda ya dace.

Garanti ma na shiyya ne. Wanda aka saya a Japan, can za a mayar da shi, kuma kilo 4.2 ne kafin kwali.

Dan_Soda:

Malam Mai_Eriya ya gama maganar takarda. Ni zan shiga cikin akwatin.

Wuta tukuna. Rediyon kansa bolt 13.8 yake ci, don haka ƙasar da ya fito ba ta dame shi ba. Abin da ke ƙonewa shi ne akwatin ba da wuta da ake haɗowa da shi a matsayin kyauta. Na Japan bolt 100 ne, na Amurka 120, mu kuwa 230 muke da shi. Wasu suna da ɗan makunni a baya ko a ƙasa mai rubutun 115 da 230. Ka juya shi zuwa 230 tun kafin ka nemi soket. Wanda babu makunnin kuma aka rubuta masa 100V kaɗai, ka ce a cire shi daga kunshin, nauyi ne kawai za ka biya. Cajar oba-oba ma ka karanta jikinta, ka tabbata an rubuta 100 zuwa 240.

IC-7300 na jan amfiya 21 idan yana aikawa da cikakken ƙarfi, don haka ka nemi abin da zai ba da amfiya 25 zuwa 30 ba tare da ya durƙusa ba. Iyakar da kamfani ya ba shi kashi 15 cikin ɗari ne sama ko ƙasa, wato ƙasa da bolt 11.7 muryarka za ta fara karyewa ko rediyon ya riƙa kashe kansa. Idan batir ne, lissafa wayar: mita biyu zuwa, mita biyu dawowa, da waya mai kauri milimita 1.5, bolt ɗaya cif zai ɓace a hanya. Da mai milimita 4 asarar ba ta kai rabin bolt ba. Batirin mota da ya sauka 12.2, ka cire bolt ɗaya, ka ga inda ka tsaya. Ka kuma tabbata wayar wutarsa ta asali tana cikin kunshin da fis ɗinta a jiki, don masu sayar da na hannu sun saba riƙe ta. Ja a kan fulos, baƙi a kan mainos, ka auna da mitar bolt kafin ka soka. Juya su sau ɗaya na iya lalata rediyon.

G90 ya fi sauƙin ciyarwa: wat 20 ne, bai wuce amfiya 8 ba, kuma mai daidaita eriyar da ke cikinsa yana da kyau ƙwarai, yana karɓar wayar da wasu manya za su ƙi. Bambancinsa da wat 100 desibel 7 ne, ma'aunin S ɗaya da ɗan ɗori. Aibunsa biyu: ba shi da fanka, kuma a zafin Afrilu na Kano ko Sakkwato dole ka sa masa ɗaya a baya in za ka daɗe kana aikawa, sannan ba shi da katin sauti a ciki, don haka FT8, wato hira ta hanyar kwamfuta, sai ka ƙara sayen mahaɗi irin DE-19. Ka sa wannan a lissafi tun yanzu.

In kuma araha ta ja ka zuwa tsofaffi, kowane yana da ciwon da aka san shi da shi. Kenwood TS-440S allonsa kan koma ɗige-ɗige saboda wani manne da aka zuba a sashen da ke riƙe mita, wanda in ya tsufa sai ya fara wuce da wuta. TS-850 kafasitocinsa na yoyo su ci fanel. Icom IC-745 da IC-751 suna ajiye bayanan aikinsu a ma'adanar da ƙaramin batir ke riƙewa. Batirin ya mutu, rediyon ya mutu da shi sai an sake loda masa. FT-857, FT-897 da TS-2000 matatun sautinsu na 455 kilohaz kan lalace, sai ka ji ƙara kamar ana soya gyaɗa, kunnen rediyon ya toshe. Shi IC-7300 ɗan batirin agogonsa ne ke mutuwa, agogo ya riƙa mantawa. Wannan ƙaramin abu ne, bai kai a fasa ciniki ba.

Babban abin tsoro a kowane na hannu shi ne taransistocin ƙarshe, waɗanda ke ƙarfafa siginar kafin ta fita eriya. A IC-7300 RD70HVF1 ne guda biyu. Aikawa ba eriya, ko da eriyar da ba ta daidaita ba, shi ke gajiyar da su, kuma kasuwar intanet cike take da jabunsu, an goge lamba an buga wata. Shi ya sa kalmar "yana kamawa, ban gwada aikawa ba" ya kamata ka karanta ta a matsayin "ba ya aikawa".

Ranar da kaya ya iso, ka kunna bidiyo tun kafin ka yanka salatif, a ga takardar adireshi da kusurwoyin kwalin, kada ka yanke har ka kunna rediyon. Ka gwada lambar siriyal da wadda ke hoton talla. Kada ka haɗa eriya tukuna. Ka haɗa domi-lod, wato rasista mai om 50 da ke shanye siginar ta mayar da ita zafi, wadda aka yi don wat 100, da mitar wat a tsakani, da mitar amfiya a kan jar waya. Ka sa rediyon a yanayin aikawa na RTTY ko FM don ya fitar da sigina tsayayya, yanayin murya na SSB ba zai nuna maka komai ba sai kana magana. Fara da wat 5, sannan ka ɗaga, daƙiƙa biyar-biyar, a kowane zango daga mita 160 har mita 10, kana rubutawa. Idan ƙarfi ya tsaya wajen rabi ko ƙasa a ko'ina kuma amfiya ma ta yi ƙasa, ka zargi taransistocin ƙarshe, ko kuma harafin M ne aka ɓoye maka. Idan zango ɗaya ne kawai ya faɗi alhali amfiya tana sama, rile ne (ɗan makunnin da ke cikin rediyon) ko matatar wannan zangon. Idan bolt ne ke faɗuwa lokacin aikawa, laifin wutarka ne, kada ka ɗora wa mai kaya.

Daga nan sai kunne. Ka kashe inbata da cajar sola ka gwada da batir zalla, don waɗannan biyun sukan cika gajeren zango da ƙara har mutum ya rantse rediyon kurma ne. Tashar ba da lokaci ta Amurka, WWV, tana kan 10 da 15 megahaz, RWM ta Rasha tana 9.996 da 14.996, da su za ka gane ko mitar da allo ke nunawa gaskiya ce.

Hajiya_VHF:

Ƙanena, wat 18 ɗin nan ka share shi. UV-5R na gaske wat 4 zuwa 5 yake bayarwa. Batirinsa bolt 7.4 ne, kuma don ya fitar da wat 18 sai ya ja kusan amfiya 5, rabin wutar ta zama zafi a cikin abin da bai fi tafin hannu ba. Roba ce za ta narke. Haka lambobin da ake bugawa a jikin batir: batirin da girmansa bai wuce na mAh 1800 ba (ma'aunin cajin da batir ke riƙewa), ko an rubuta masa ninki uku, 1800 ɗin ne ko ƙasa. Mai sayarwar da ya yi ƙarya a kan wat, me zai hana shi yi a kan sauran?

Abin da ya fi ƙarya a kan wat muni shi ne dattin sigina. Kowace na'urar aikawa tana haifar da 'ya'yan sigina a ninki biyu da ninki uku na mitar da kake kai, kuma aikin matata ne ta danne su. Kana kan 145, ninki biyu yana 290, yankin jiragen soja da tauraron ɗan'adam. Ninki uku yana 435. Ƙa'idar Amurka ga ƙananan rediyo a wannan zango ita ce 'ya'yan su yi ƙasa da uwar da aƙalla desibel 40, kuma kada su wuce maikurowat 25. Ƙungiyar masu sha'awar rediyo ta Amurka, ARRL, ta yi shekaru tana auna oba-obar mutane a wuraren taro, kuma da yawa daga masu arahar nan sun faɗi. Hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ta fitar da gargaɗi a kansu a 2018, hukumar Jamus kuma ta hana sayar da UV-5R a 2021. Abin haushin shi ne biyu daga kwali ɗaya sai ɗaya ya ci, ɗaya ya faɗi, don haka sunan samfuri ba ya wanke wanda ke hannunka.

Aunawa ba ta da wuya yanzu. TinySA, ƙaramar na'urar da ke nuna sigina da 'ya'yanta, ta isa, amma kada ka kuskura ka haɗa ta kai tsaye: a ma'aunin ƙarfi na dBm iyakarta 10 ce, wat 5 kuwa 37 ne. Ka sa marage-ƙarfi mai desibel 40 da ke ɗaukar wat 10, ka ƙara na 20 a bayansa, don in siginar ta yi mata yawa ita kanta sai ta ƙirƙiro 'ya'yan da babu su ka zargi rediyo a banza.

Sai buɗaɗɗen baki. UV-5R yana aikawa daga 136 zuwa 174 da kuma 400 zuwa 520, namu kuwa 144 zuwa 146 ne da 430 zuwa 440. A cikin ragowar akwai 156.800, tashar neman agaji ta jiragen ruwa, da 406 ta na'urorin ceto, da mitocin hukumomi. Tashoshin da ke zuwa a ciki daga masana'anta na gwaji ne, ba naka ba. Ka goge su duka da manhajar CHIRP, ka sa namu kaɗai, ka hana aikawa a duk tashar da saurare kawai za ka yi. Wayar lodin ka nemi mai guntun FTDI ko CH340; masu jabun Prolific direban Windows yakan ƙi su.

Manyan sunaye ma ba su tsira ba. Icom ta daina yin IC-V82 tun 2014, amma har yau ana tallarsa "sabo a kwali". Shi ne sunan da aka gani a jikin oba-obar da suka fashe a Labanan a Satumban 2024, inda kamfanin ya ce babu tambarinsa mai ƙyalli a jikinsu. IC-2300H na mota shi ma an cika kwaikwayonsa. Sabon Icom ko Yaesu a kashi ɗaya cikin uku na farashin dillalinsa jabu ne, ba sai an buɗe ba. Eriya Nagoya NA-771 kuwa jabunta ya fi na gaske yawa. NanoVNA, na'urar auna eriya, za ta nuna maka cikin minti ɗaya ko tana daidaita a 145 ko wani wuri daban. Ka kuma lura da bakin da ake ɗaura eriya: Baofeng allurar tana jikin rediyon, Yaesu da Icom tana jikin eriyar, ba sa shiga juna.

Dan_Soda:

Hajiya, duk gaskiya ne, amma kada mu tsorata shi ya gudu. In an auna aka ga ya ci, ko aka sa masa matata a waje, UV-5R ya isa koyo. Inda ya fi ba da kunya a wurina kunnensa ne: kusa da babbar tashar FM, ko in aka haɗa shi da eriyar saman rufi, sai ya toshe ya daina jin ko na kusa.

Bazindire:

Sannunku da ƙoƙari. Kuɗi da hanya suka rage.

Kariyar mai saye tana da lokaci da sharaɗi. A eBay kwana 30 ne bayan isowa, amma in ka sa adireshin wakilin jigila a Amurka ko Ingila don ya turo maka gida, kariyar ta tsaya a ƙofarsa. Mutane da yawa ba su san wannan ba, kuma mu kusan duk ta wannan hanya kaya ke zuwa mana. A AliExpress kada ka danna cewa ka karɓi kaya sai ka gama gwaji, kuma kada ka rufe ƙorafi don mai kaya ya ce zai turo wani. A gwanjon Japan ta hannun wakili ake saye, kuma duk abin da aka sa wa kalmar "janku", wato kayan da ba a tabbatar yana aiki ba, ba a mayarwa ko da gawa ce a ciki. Ka fassara bayanin gaba ɗaya, kalmar takan ɓuya a layin ƙarshe. A PayPal, turawa a matsayin 'yan'uwa da abokai ba ta da kariya ko kaɗan, shi ya sa 'yan damfara ke roƙonta. A Facebook kuwa hoton sata ya yi yawa: ka ce a ɗauko rediyon a kunne a kan mitar da kai ka zaɓa, da takarda mai kwanan wata da rubutun hannu a gefensa, da bidiyon mitar wat yana aikawa. Mai kaya na gaske minti biyar zai yi.

Batirin litiyam shi kaɗai ba ya hawa jirgin fasinja a matsayin kaya tun 2016, don haka ƙarin batir yakan makale ko a cire shi; wanda ke jikin rediyo ya fi wucewa. Babban rediyo a nemi kwali biyu da soso ta kowane gefe, a kare babban maɓallin juya mita, don shi ke fara shan duka.

Kwastam a kan farashi haɗe da jigila da inshora suke lissafi, sannan harajin VAT na kashi 7.5 a Najeriya. Kada ka roƙi mai kaya ya rage farashi a takarda ko ya rubuta "kyauta": in kaya ya ɓata, abin da aka rubuta inshora za ta biya, in kuma aka buɗe aka ga na'urar aikawa da sunan wani abu, magana ta bar hannun kuɗi. Ga 'yan'uwanmu na Nijar, ARCEP ce ke kula da mitoci, lambar kira 5U, kuma lasisin wannan ƙasa ba ya aiki a waccan. Tsallaka iyaka da rediyo ta Jibiya ko Maigatari shigo da kaya ne sabo.

Sabon_Shiga:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Na koma na duba hoton bayan Icom ɗin, IC-7300M ne, kuma an haɗa shi da akwatin wuta mai 100V. Ke nan in bar shi? In kuma G90 zan ɗauka, me zan fara saya?

Mai_Eriya:

Ka bar shi. Wat 50 ba laifi ba ne, amma kullen mita, rashin hanyar mayarwa da kuɗin jigilar kilo huɗu da ɗoriya sun cinye arahar. In IC-7300 kake so, ka jira samfurin Turai daga dillalin da zai rubuta maka rasit da lambar siriyal.

Ka fara da lasisi da EUC. Kafin su fito ka sayo domi-lod, mitar wat da SWR (ma'aunin daidaiton eriya), da NanoVNA, don ba sa aika sigina a iska kuma dole su riga rediyon isowa, in ba haka ba kwanakin ƙorafi za su ƙare kana jiran abin gwaji. G90 ɗin ka saye shi wurin dillalin da ya rubuta sharaɗin garantinsa a fili, ka tambaye shi a rubuce wa ke biyan jigilar mayarwa daga Najeriya, ka ajiye amsar. Oba-oba kuwa ɗaya ka saya tukuna, wanda aka rubuta masa wat 5, ka auna shi kafin ka yi odar na biyu.